Sake wa bindiga mazaunin harsashi: tambayoyin da maharba ke yawan yi

Sana'ata sassaƙar ƙarfe ce a kan inji a cikin birnin Katsina, kayan mota da na injin ban ruwa, amma gidanmu na Daura gidan maharba ne. Shi ya sa duk wanda ya kalli bidiyon maƙeran bindiga na Amurka a wayarsa, ya ga an ɗauki bindiga mai cin harsashi ɗaya an sake mata ciki ta koma cin wani harsashin da aka ce ya fi ƙarfi, ni yake nema. Tambayoyin ba sa wuce waɗannan, don haka na tattara su wuri ɗaya. Wanda ke hanzari ya fara da amsar da ke kan doka, sannan ya dawo sama.

Mene ne mazaunin harsashi, kuma me ake nufi da sake shi?

Bututun bindiga ba faɗinsa ɗaya ba ne daga baki har gindi. A can baya, inda ake zura harsashi, akwai ɗan wurin da aka sassaƙa daidai da surar kwanson, kamar yadda kube ke bin surar wuƙa. Shi ne mazaunin. Idan an taɓa kunama albarushi ya kama, kwanson tagullar nan yana kumbura ya manne wa bangon mazaunin, ƙarfen ya riƙe shi, hayaƙi ya rasa hanya sai gaba.

Sake mazauni shi ne a ƙara sassaƙe wannan wurin ya karɓi kwanso mai wata sura, galibi wanda ya fi ɗaukar albarushi. Ramin bututun yana nan yadda yake, don haka kaurin ƙwayar da ke fita ba ya canzawa. Wannan ya bambanta da faɗaɗa ramin gaba ɗaya, ya kuma bambanta da cire bututu a sa sabo. Ayyuka uku ne, mutane ke haɗa su a baki.

To shi ingantaccen harsashi fa, me aka inganta a jikinsa?

Ɗauki kwanson raifal ka duba. Yana da kauri a gindi, yana tsukewa a hankali, sai kafaɗa mai gangare, sai wuya da ke riƙe ƙwaya. Abin da ake yi shi ne a miƙe jikin ya kusa zama sambal, a ɗaga kafaɗar ta tsaya ƙyam. Tsawon yana nan, amma cikin ya ƙara faɗi. Wanda sunansa ya fi fita a wannan harka wani maƙerin bindiga ne Ba'amurke, P. O. Ackley, wanda aka haifa a 1903 ya rasu a 1989. Ya koyar da sana'ar a garin Trinidad na jihar Kolarado, daga baya ya koma Utah. Kafaɗar da aka san shi da ita mai digiri 40 ce, kuma har yau idan ka ga an rubuta Ackley Improved, wato ingantacce na Ackley, ko AI a taƙaice, a bayan sunan harsashi, tsarinsa ake nufi.

Ba shi kaɗai ba ne. Wajen 1940 wani mai suna Lysle Kilbourn ya yi wa ƙaramin harsashin nan .22 Hornet irin wannan gyara, aka samu K-Hornet. Dabarar da ta sa abin ya karɓu ita ce bindigar da aka sake ba ta daina cin harsashinta na asali ba. Kana harba na kanti a cikin sabon mazauni, kwanson ya hura ya ɗauki sabuwar sura, ka fitar da shi ya zama wani abu daban. Wannan kwanson ne mai shi zai sake cikawa da hannunsa. Ka riƙe wannan maganar ta cikawa, za mu dawo kanta a amsar inda ake samun harsashin.

Me ya sa wannan aiki ya fi sauƙi a bindiga mai cin ɗaya?

Saboda ba ta da ma'ajiyar harsasai da za ta yi gardama. Kwanso mai miƙaƙƙen jiki da tsayayyar kafaɗa yakan sarƙe wajen hawa daga ma'ajiya zuwa mazauni, amma a mai cin ɗaya yatsanka ne ke zura shi. Na biyu, da yawa daga cikin irin waɗannan bindigogi suna cin harsashi mai leɓe a gindi, kamar .22 Hornet da .30-30 Winchester wanda ya fito tun 1895. Leɓen ne ke tsayar da harsashi a wurinsa, don haka canza kafaɗa bai taɓa zamansa ba. Harsashin da ba shi da leɓe kuwa, kamar .30-06, da kafaɗarsa yake tokarewa, shi ya sa aikinsa ya fi wuya: sai an kwance bututun an mayar da shi baya kaɗan. Mai cin ɗaya irin Ruger No. 1 ta Amurka ta ba da damar hakan domin bututunta ɗaure yake da zare. Wadda ake karyawa a tsakiya kamar ta maharbanmu ba ta ba da ita ba, don bututun haɗe yake da maƙalinsa.

Ƙarfin nawa ake ƙaruwa da shi?

Nan ne zance ke yin sanyi. Masu auna gudun harsashi suna da wani ƙiyasi da suka daɗe suna amfani da shi: idan matsi bai canza ba, gudu yana ƙaruwa ne da kusan kashi ɗaya cikin huɗu na abin da cikin kwanso ya ƙaru. Ka ce cikin ya ƙaru da kashi 8 cikin 100, gudu zai ƙaru da kashi 2. Ƙwayar da ke tafiya mita 800 a sakan ta koma 816. Gadar da ke tsaye a tazarar mita 100 ba za ta san bambancin ba, kai ma mai harbin ba za ka sani ba sai an nuna maka a na'ura.

Wasu harsasan sun fi wasu amfana, musamman tsofaffi masu tsukakken jiki irin .30-30 da .257 Roberts, domin akwai wurin da za a miƙe. Wanda jikinsa dama kusan sambal yake, ribarsa ba ta taka kara ta karya ba. Manyan alƙaluman da ake jin labarinsu kuwa, da yawansu ba daga surar kwanso suka fito ba. Daga cika albarushi fiye da ƙima suka fito, a zamanin da mai cikawa ba shi da na'urar auna matsi, yana kallon kwanso ne kawai ya ce lafiya lau. Shi kuma miƙaƙƙen kwanso yana da halin ɓoye alamun wahala har sai abu ya yi nisa.

Fa'idar da ba a gardama a kanta ita ce kwanson ba ya yawan miƙewa, don haka yana jure cikawa sau da yawa. Ga Ba'amurken da ke da teburin cika harsashi a garejinsa wannan riba ce. Ga maharbin Sandamu ko Baure, ban ga inda ta shafe shi ba.

Ina ake samun harsashin bindigar da aka sake?

Yawancinsu babu kamfanin da ke yin su. Mai bindiga ne ke cika kayansa. Wanda ya fita daban shi ne .280 Ackley Improved, da hukumar daidaita awon harsasai ta Amurka, SAAMI, ta amince da shi a 2008, har kamfanoni suka fara sayar da shi a kwali. Sauran sai da kayan cikawa, da albarushi na musamman, da ma'aunin da ke gane nauyin da bai kai ƙwayar gero ba.

A Nijeriya haɗa harsashi a gida laifi ne, kamar yadda za ka gani a amsar doka. Saura me ke nan? Ka ci gaba da harba na kanti a cikin faffaɗan mazauni. Idan ka yi haka kuma gudunsa raguwa yake yi kaɗan, domin wani ɓangare na ƙarfin ya tafi wajen hura kwanso. Wato ka biya kuɗi, ka ɗauki kasada, ka dawo da bindigar da ba ta kai yadda take a da ba.

Me dokar Nijeriya ta ce?

Dokar makamai ta 1959, wadda har yanzu ake aiki da ita, ta kasa bindigogi gida uku. Akwai haramtattu, waɗanda sai da izinin Shugaban Ƙasa: manyan bindigogi, masu sarrafa kansu, fistol, da raifal na soja masu awon 7.62mm, 9mm, .300 da .303. Akwai na amfanin kai, wato bindigar farauta mai watsa dalma da raifal na farauta, waɗanda lasisinsu ke hannun Babban Sufeton 'Yan Sanda. Sai na ɗuri ta baki, irin harba-ka-ruga, da ke ƙarƙashin Kwamishinan 'Yan Sanda na jiha.

Dokar ta hana ƙera bindiga ko harsashi, ko haɗa su, ko gyara su, sai a ma'ajiyar makamai ta hukuma ko wurin wanda aka ba takardar izini. Hukuncin yin hakan ba izini, da na riƙe haramtacciyar bindiga, ɗauri ne da bai gaza shekara 10 ba. Ta kuma hana guntule bututun bindigar dalma ya gaza inci 20. Lasisi kuma na bindiga guda ce takamaimai, da lambarta da awonta. Ranar da aka sake mata mazauni, abin da ke hannunka ya daina zama abin da ke cikin takarda. Ka ƙara da cewa a watan Agustan 2023 rundunar 'yan sanda ta sanar da dakatar da bayar da sabon lasisi, sannan a 2024 aka sa hannu a kan sabuwar dokar taƙaita yaɗuwar ƙananan makamai. Duk wanda ya bi hanyar Jibiya ko Batsari ya ƙirga shingaye ya san yanayin da muke ciki. Ba lokacin da mutum zai tsaya yana yi wa jami'i bayanin kafaɗa mai digiri 40 ba ne.

Maƙerinmu gwani ne, yana gyara bindigogin hawan Sallah. Ba zai iya ba?

Ban raina maƙera ba, kakata ta wajen uwa 'yar gidan ƙira ce. Amma bindigar toka da 'yan bindiga ke bugawa gaban sarki a hawan Sallah ko Hawan Magajiya wata duniya ce daban. Baƙin albarushi take ci, kuma a wurin hawa ƙara da hayaƙi ake so. Bari in ba ka awo. Mai faci yana hura tayar mota zuwa fam 30 ko 35 a kan kowane murabba'in inci. Harsashin bindigar dalma mai lamba 12 (lambar awon faɗin bututu ce) yana kai wa fam 11,500. Na .30-30 yana kai wa 42,000, na .30-06 kuma 60,000, shi .280 Ackley ɗin har 65,000. Duk wannan a tazarar da ba ta kai kamu ɗaya daga idonka ba.

Aikin mazauni ana yin sa ne da wuƙar sassaƙa da aka ƙera don wannan harsashin kaɗai, a kan inji, ana aunawa da ma'aunai biyu na ƙarfe: ɗaya dole bindiga ta rufe a kansa, ɗaya dole ta ƙi. Tsakaninsu bai wuce kaurin gashin kai ɗaya ko biyu ba. Ni da nake kwana a gaban inji, idan na yi kuskuren irin wannan a fistin, mota hayaƙi za ta yi a dawo mini da ita ana faɗa. A bindiga ba a dawowa a yi faɗa.

Wani tsoho abokin mahaifina ya zo mini da tasa a nannaɗe cikin buhu, wata guda kafin damina. Ya ce, "Ɗana, harsashin da na samo ya ƙi shiga, ka ɗan share mata ciki." Na ce, "Baba, ranka ya daɗe, ƙin da ta yi ai gaskiya ta faɗa maka." Ya yi shiru, ya murza gemu da hannun hagu. Yatsu uku ne a hannun, sauran biyun wata bindigar ta tafi da su tun ina yaro. Ya nannaɗe kayansa, muka sha fura, bai sake tayar da zancen ba.

Ka ba mu awon mana, mu san yadda za mu yi da shi.

A'a. Dalilan suna cikin amsoshi biyun da ke sama.

A ƙasashen da ake yi, ta yaya ake tabbatar da bindigar ba za ta fashe ba?

A Ingila akwai gidajen gwajin bindiga biyu, na Landan tun 1637 da na Birmingham tun 1813. Ana ɗaure bindiga a ɗaki, a harba mata harsashin da matsinsa ya zarce na yau da kullum da kusan kashi ɗaya cikin huɗu ko fiye, a duba ta, sannan a buga mata hatimi. Bindigar da aka taɓa mazauninta ta fita daga wancan hatimin, ba a sayar da ita sai an sake gwadawa. Ƙasashen Turai da dama suna bin tsari ɗaya ƙarƙashin hukumar gwajin bindigogi ta CIP da aka kafa a 1914. Amurka ba ta tilasta wannan ba, amma maƙerin kirki a can yana buga sabon sunan harsashi a jikin bututu, don kada magaji ya zo ya zura abin da ba shi ba.

Idan harsashi ya shiga kuma bindiga ta rufe, ba shi ke nan ba?

Shiga ba shaida ba ce. Ƙarfin da ke tura ƙwaya gaba shi ne ke tura kwanso baya, kuma jikin bindigar ne ke tare shi. Kamfanin H&R na Amurka ya yi bindigogi masu karyawa da jiki iri biyu waɗanda a ido kamar tagwaye suke, ɗaya don harsashin dalma, ɗaya mai ƙarfe mafi ƙwari don raifal. Wanda bai sani ba zai ɗauka duk ɗaya ne. Sannan duk sassaƙar da aka yi wa mazauni rage kaurin bango ce, a daidai inda matsi ya fi tsanani.

Akwai kuma tsagin da ke murɗe a cikin ramin raifal, wanda ke sa ƙwaya juyawa kamar katantanwa. An yanka shi ne don ƙwaya mai wani tsawo. Tsofaffin bututun Hornet suna kammala juyi ɗaya a inci 16, wanda ya ishi gajeruwar ƙwaya. Ka sa doguwa mai nauyi, sai ta riƙa tangaɗi ta isa allo a kwance. Sake mazauni ba ya gyara wannan.

Tawa bindigar dalma ce mai baki ɗaya. Wannan zance ya shafe ni?

Kai ma ya fi shafa, domin irinta ce a hannun yawancin masu lasisi a nan, ƙirar Baikal ta Rasha da makamantanta. Duba jikin bututun kusa da gindi. Idan ka ga 12/70, ma'anarsa lamba 12, mazauni mai tsawon milimita 70. Akwai 65 a tsofaffin bindigogin Ingila, akwai 76 a sababbi. Abin da ke ruɗar mutane shi ne tsawon da aka rubuta a kwali na kwanson da aka riga aka harba ne, bayan bakinsa ya buɗe. Harsashin 76 da bakinsa ke naɗe zai shige mazaunin 70 lafiya lau, bindiga ta rufe ƙaf. Sai an harba bakin ya nemi wurin buɗewa ya rasa, ya toshe mashigar dalma, matsi ya hau. Gajere a dogon mazauni babu laifi, dogo a gajere ne matsala.

Masu cewa a ɗan ƙara wa mazaunin tsawo suna magana ne a kan aikin da muka bayyana a sama, da haɗarinsa da hukuncinsa. Magani mai sauƙi shi ne ka sayi harsashin da aka rubuta mata. Kuma kada ka taɓa haɗa lamba 20 da lamba 12 a aljihu ɗaya. Na 20, wanda ya fi na 12 siranta kuma yawanci rawaya ne, yana zamewa ya shige cikin bututun 12 ya maƙale inda ido ba ya gani. Mutum ya ɗauka bai sa komai ba, ya ɗora na 12 a bayansa.

Idan na kwance harsashin kanti na zuba albarushinsa a harba-ka-ruga fa?

Kada ka yi, ko da ɗan kaɗan ne. Albarushin da ke cikin harsashin kanti marar hayaƙi ne, yanayin cinsa daban, kuma awon da ya yi daidai a baƙin albarushi zai iya tarwatsa bututu idan aka yi shi da wannan. Bindigar ɗuri da yawa bututunsu ba ƙarfen da aka yi don bindiga ba ne tun farko. Koma ka sake duba alƙaluman matsi a amsar maƙera.

Ta yaya zan gane an taɓa mazaunin bindigar da ke hannuna?

Kwanson da ka harba shi ne mai ba da labari, don haka ka daina jefar da shi ba ka duba ba. Ajiye shi kusa da wanda ba a harba ba. Idan kafaɗarsa ta matsa gaba ko ta canza sura, ko jikinsa ya kumbura gefe ɗaya, ko ya tsage, ko ka ga wani zobe mai sheƙi ya zagaye shi kusa da gindi, akwai magana. A bindigar dalma, bakin robar da ya fito a yayyage ko a tsuke alama ce ta dogon harsashi a gajeren mazauni. Haka nan kwanson da sai an sa tsinke ko sanda kafin ya fito, da bindigar da ke girgiza a maƙalinta bayan an rufe, da hayaƙin da ke dukan fuska. Ko ɗaya ka gani, ka jingine ta. Zaren roba da waya da ake ɗaure wa maƙali ba su riƙe komai ba.

Za a iya mayar da ita yadda take?

Ƙarfen da aka sassaƙe ya tafi. Walda a cikin mazauni ɓata ƙwarin ƙarfen take yi. A ƙasashen waje ana sa sabon bututu, ko a yanke gindin tsohon a sake sabon mazauni idan tsawonsa da tsarinsa sun bari, kuma ko a can bindigar da aka sake takan faɗi daraja a kasuwa, domin mai saye bai san hannun da ya yi aikin ba.

Na gaji bindigar mahaifina, ban san tarihinta ba. Me zan yi?

Lasisi ba ya bin gado kamar gona. Na mamacin ne, kuma wa'adin da doka ta ba magada su riƙe bindigar bayan rasuwa gajere ne ƙwarai. Nemo takardun cikin kayansa, sau da yawa suna cikin akwatin ƙarfe tare da rasit ɗin haraji. Kada ka gwada ta "don a ji ko tana nan". Buɗe ta ka tabbatar babu komai a ciki, ka ware harsasan daban, ka je wurin mai unguwa ko Sarkin Baka ya raka ka ofishin 'yan sanda na yankinku. Ka fara zuwa da takardun da lambar bindigar a rubuce, ka bar ita kanta a kulle a gida, sai sun faɗa maka ranar da za ka kawo ta da yadda za ka ɗauko ta.